Jan Ɗigo a Kusurwar Kati

Da za a ba ni dama in goge abu ɗaya daga rayuwata, wata tambaya zan goge. Na yi ta sau da yawa ta wata ƙaramar taga, ga matan da suka zo asibiti suna zubar da jini, kuma babu wanda ya sa ni. Amsar da na samu ranar Litinin ko Talata nakan ɗauke ta in kai wa dattawan ikkilisiya ranar Asabar. Na daɗe ina ɗauka aikin Allah nake yi. Yanzu na tsufa, idona ya fara raguwa, shi ya sa nake so in rubuta yadda abin ya faru tun ina iya riƙe biro.

Ban yi karatu mai nisa ba. Firamare na gama, sai ɗan abin da na ƙara a ajin Littafi Mai Tsarki. Amma rubutuna yana da kyau, kuma shi ne ya samo mini aiki a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, wanda ke gefen hanyar da ta tashi daga Zonkwa zuwa Kafanchan. Aikina yankan kati. Duk wanda ya zo, ni zai fara gani. Ina zaune a bayan taga, akwatin katako cike da katuna a gefena, a waje kuma benci biyu a baranda inda mutane ke jira. In tambayi sunanka, da ƙauyenku, da abin da ke damunka, in rubuta, in miƙa ciki. Shekara ashirin da wani abu na yi a wannan kujera, har mutane suka manta sunana suna kirana Baba mai kati.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka zaɓe ni dattijon ikkilisiya. Na ji daɗin zaɓen ƙwarai. Ni ne mai buɗe majami'a, ni ne mai raba jibin Ubangiji tare da fasto, kuma ina cikin kwamitin da ke zama a kan wanda ya yi laifi. A wurinmu in aka sa mutum horo, ba a kore shi. Zai riƙa zuwa sujada, amma zai zauna a bencin baya kusa da ƙofa, ba zai ci jibi ba, in mace ce kuma za ta ajiye zanen zumuntar mata har lokacin ya cika. Kowa ya san wannan benci. Yara ma ba sa wasa a kansa.

A katin asibiti babu layin da aka ce a rubuta yadda ciki ya fita. Ni na ƙirƙiro abina. In mace ta zo ta ce jini take gani, sai in sunkuyo in ce, “Ɓari ne, ko ke kika taɓa shi?” Ina ɗauka a hankali nake magana, amma tagar ba ta fi taku biyu daga benci ba. In ta ce ɓari ne kuma na yarda, shi ke nan. In ta yi shiru, ko ta sunkuyar da kai, ko ta faɗi gaskiya, sai in ɗauki jan biro in ɗiga ɗigo ɗaya a kusurwar katin ta sama. Ɗigon nawa ne, don in tuna ranar Asabar. Ma'aikatan jinya da suka zo suka tafi, babu wadda ta taɓa tambayata ma'anarsa.

A lokacin na gaya wa kaina cewa ni mai tsaro ne, kuma mai tsaron da ya ga ɓarna ya yi shiru shi ma za a tambaye shi. Ban taɓa hana kowa ganin nas ba. Wannan ne abin da nake kare kaina da shi: ai an yi mata magani, ni ranta nake nema wa lafiya.

Matar da nake so in ba da labarinta matar ƙanena ce, ɗan ƙanen babana. Matarmu muke ce mata. Ita ce mai ba da waƙa a zumuntar mata. In ta ɗaga murya, masu buga tulu suka amsa, har tsofaffin da gwiwa ta hana su tsayawa sukan miƙe. 'Ya'yanta shida a lokacin, na goye bai cika wata takwas ba. A haihuwarsa ta zubar da jini har sai da aka kai ta Kafanchan aka ƙara mata, likita kuma ya ce ta huta sosai. Duk danginmu mun san wannan. Ni ma na je na yi mata addu'a a gadon asibiti.

Ruwan farko ya sauka, mata suna ta ɗebo ganye suna rufe gonakin citta. Wata Talata da safe sai ga ta an sauke ta daga babur, tana tafiya tana dafa bango. Bencin ya cika da masu jiran rigakafin yara. Ta zo taga ta riƙe ƙarfen da hannu biyu.

“Ina kwana, Baba.”

“Lafiya, matarmu. Ina gajiya? Yau ba a je citta ba?”

“Jini ne, Baba. Tun jiya.”

Na ɗauko katinta. Na san shi ko ban duba suna ba, don ya yi kauri da takardun awo. Da na yi shiru na miƙa shi ciki, da ba ni da abin rubutawa yau. Amma bakina ya saba.

“Ciki ne?”

“Wata biyu.”

“Ɓari ne, ko ke kika taɓa shi?”

Ta kalle ni. Leɓenta ya bushe ya yi fari. Ina tsammani ta auna ne ta ga cewa in ta yi ƙarya za a ba ta maganin da ba shi ne ba, ta mutu ta bar yara shida. Ta ce, “Na sha wani abu, Baba. Tsoro ya kama ni.”

Wata mata a benci ta gyara goyonta ta juya kai. Na ɗiga jan ɗigo, na miƙa katin.

Nas ɗin da muke da ita a lokacin sabuwa ce, 'yar wajen Manchok, yarinya ce a idona, ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba. Sista muke kiranta. An tura ta wani kwas a kan wankin ciki ba da daɗewa ba, ta dawo da kayan aikinta a cikin farar roba mai murfi. Ta shigar da matar ƙanena ɗaki, ta yi mata abin da ya kamata, jinin ya tsaya. Da azahar ta fito da katin ta ajiye a gabana.

“Baba, wannan ta dawo Alhamis ta sama, ba wannan ba, mai zuwa. Ka fitar da katinta tun da safe. Na yi mata bayani, ciki yana iya shiga kafin ma ta sake ganin al'ada. Jikinta ba zai ɗauki wani ba.”

Dalilin da ya sa sai ta dawo shi ne, a tsarin asibitinmu, tazarar haihuwa ranar Alhamis kaɗai ake yi. Magungunan suna kulle a kabad, makullin yana hannun babban jami'i, shi kuma ranar Alhamis yake zuwa daga Kafanchan. A baranda ake zama, ƙarƙashin wani allo mai hoton mace da miji da yara, daidai gaban tagata. Duk matar da ta zauna a ƙarƙashin allon nan, ni na gan ta, mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ma ta gan ta.

Ranar Asabar na kai magana. Mu shida ne a ɗakin, da fasto bakwai. Fasto mutum ne mai sanyin hali, ya tambaye ni, “Dattijo, da kunnenka ka ji, ko labari ne?” Na ce da bakinta ta faɗa mini. Har na ji wani irin alfahari cewa ban rufa wa dangina ba. Wani dattijo ya ce wannan ita ce gaskiya, mutum ya fara da gidansa. Aka kira ta, ba ta musa ba. Aka yanke mata horon wata shida.

Ranar Lahadi ta shigo da zanen gida ta zauna a bencin baya, yaron a cinyarta. Da lokacin zumuntar mata ya yi, suka fito gaba, aka ba wata ta ba da waƙa. Ta ɗauko ta da sama sosai, masu amshi suka kasa kaiwa, mai babban tulu ta rasa inda za ta shiga. Suka lallaɓa suka gama. Babu wanda ya waiwaya baya, amma kowa ya san inda hankalin kowa yake. Bayan an tashi, ƙanena ya wuce ni a ƙofa. Shi ba mai yawan magana ba ne, aladunsa da cittarsa kawai ya sani. Ya ce, “Yaya, an gode,” ya wuce. Sai daga baya na gane cewa a bakin kwamiti ya fara jin labarin abin da ya faru a ɗakinsa.

Alhamis ɗin ta zo. Na fitar da katinta tun da safe kamar yadda aka ce, na ajiye a saman akwati. Wajen ƙarfe goma na hango ta. Ta zo har gindin mangwaron da ke bakin ƙofar asibiti, da yaron a baya, ta tsaya. Ta kalli allon, ta kalli mata uku da ke zaune a ƙarƙashinsa, sannan ta kalli tagata. Idonmu ya haɗu. Tazarar da ke tsakaninmu ba ta fi ta jifan dutse ba. Ta tsaya kamar minti biyu, tana jijjiga yaron ko da yake ba kuka yake yi ba. Ni kuma na sunkuyar da kai na ci gaba da jera katuna. Da na ɗago, ta juya ta kama hanyar gida.

Abin da na ce a raina shi ne, kunya ta fara aiki, tuba na nan tafe.

Da za a tashi Sista ta ga katin a saman akwati.

“Ba ta zo ba?”

“Ban ga ta shigo ba.” Wannan ba ƙarya ba ce, kuma na zaɓi kalmomin da kyau don kada ta zama ƙarya.

“Ai danginka ce, ko? Don Allah ka biya ka gaya mata ta zo mako mai zuwa. Ko da mijin, ko ba shi.”

Na ce to. Gidansu yana kan hanyata, kullum ina wuce shingensu. Ban shiga ba. Na ga bai dace dattijo ya shiga gidan wadda ke ƙarƙashin horo ya ce mata ta je ta karɓi maganin hana ciki ba. Zai zama kamar na ba ta lasisi. Mako na gaba Sista ta sake tambaya, na ce aikin gona ne ya riƙe ta. Bayan haka cutar gudawa ta shigo ƙauyukan gefen rafi, asibiti ya cika, maganar ta bi ruwa. Na mayar da katin cikin akwati.

Damina ta yi nisa, acca ta nuna, ana shirin yanka. Wata Laraba da la'asar ina zaune a taga sai na ji ƙarar babur da gudu. Ƙanena ne ke tuƙi, matarsa a tsakiya, wata maƙwabciyarsu a baya ta rungume ta, an ɗaure su da zane. Kanta ya langaɓe a kafaɗarsa. Na miƙe tsaye ina jira su karyo kwana. Ba su karyo ba. Suka wuce ƙofar asibitinmu, inda Sista ke ciki da farar robarta, suka miƙe hanyar Kafanchan.

Labarin ya iso washegari. Ciki ya sake shiga wata biyu bayan na farko. Ta ɓoye, ta je wani kemis a wani gari inda ba a san ta ba, ta sayi maganin zubarwa. Abin bai fita duka ba. Kwana huɗu tana kwance da zazzaɓi, ta ce wa mijinta maleriya ce, ta hana a kawo ta wurinmu. Sai da ta daina gane mutane aka ɗauke ta. A babban asibiti aka yi mata aiki, aka cire mahaifa, aka ƙara mata jini. Mijinta da ƙannensa biyu suka ba da nasu. Ni ba a neme ni ba.

Ranar Juma'a da aka sallami mutane, Sista ta shigo ɗakin kati, abin da ba ta saba yi ba. Ta jawo akwatin gabanta ta fara zaro katuna. Na ga ɗaya bayan ɗaya masu jan ɗigo take zarowa. Ta jera su a kan tebur har suka rufe shi.

“Baba, mene ne wannan ɗigon?”

“Alama ce ta aikina.”

“Wane aikin? Na nan, ko na coci?”

Na ce mata ta kula da bakinta, na haife ta. Ta ce, “Ka haife ni, Baba, shi ya sa na rufe ƙofa kafin in tambaye ka.” Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mai sayar da ƙosai ce ta gaya mata, kuma duk ƙauyen nan babu macen da ba ta san jan biron Baba mai kati ba, sai ita baƙuwa. Sannan ta tura katunan gabana.

“Kai ne mai karatun kati. Duba mini. Wace ce a cikinsu ta sake dawowa bayan ranar ɗigon?”

Na sa tabarau na fara juyawa. Na san su duka. Ga 'yar makaranta da iyayenta suka tura Kaduna. Ga gwauruwar da ke sayar da itace. Ga matar malamin firamare. A ƙarƙashin ranar ɗigon, kowane kati fari ne. Ba awo, ba rigakafin yaro, ko maganin ciwon kai babu. Wasunsu ina ganinsu kowace Lahadi, sun gama horo sun koma bencin gaba, amma ƙafarsu ba ta sake taka barandarmu ba. Shekaru ina riƙe da akwatin nan, ban taɓa juya katunan ta wannan fuska ba.

Sista ta ce, “Na yi kwas, an ba ni kaya, na iya aikin. Amma mace sai ta wuce ka kafin ta iso ni.”

Da na koma gida matata tana bakin murhu tana dama pate. Shekara talatin da biyar muna tare a lokacin. Na zauna a kujera na gaya mata abin da yarinyar nan ta yi mini, ina jiran ta ce an raina ni. Ta ci gaba da damawa. Can ta ce, “Ka tuna ɓarin da na yi bayan haihuwata ta huɗu?”

Na ce na tuna.

“Ka tuna na fara kai gwaza kasuwar Kafanchan, kana yi mini dariya wai kuɗin mota ya cinye ribar?”

“Na tuna.”

“Ba gwaza ke kai ni ba, Baban yara. Allura nake zuwa yi, duk wata uku. Shekara shida na yi.” Ta ɗanɗana paten ta ƙara gishiri. “Nawa ɓari ne na Allah, ban taɓa komai ba. Amma da na tuna zan zauna a ƙarƙashin allon nan kana leƙena, ka dawo gida ka buɗe mini aya, sai na ga gara in ɗauki gwaza.”

Na ce, “Ni mijinki ne.”

Ta ce, “A gida. A taga kuwa dattijo ne.” Ta zuba mini abinci ta tura gabana. “Ci, zai huce.”

Na ci, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Ranar Asabar na je kwamiti na faɗi abin da na yi, tun daga ɗigo har zuwa saƙon da ban kai ba. Na ce a sa ni horo. Suka kalli juna. Dattijon da ya yaba mini a baya ya ce shi bai ga laifi ba, ai gaskiya na faɗa. Wani ya buɗe littafin dokokin ikkilisiya ya duba, ya ce babu sunan wannan laifi a ciki. Fasto ya ce daga yau kwamiti ba zai sake karɓar maganar da ta fito daga asibiti ba, kuma a ɗage wa matar ƙanena sauran kwanakin da suka rage mata. Ni dai ba a yi mini komai ba. Na ci gaba da raba jibi da hannun da ya riƙe jan biro. Har yau ina ganin da sun zaunar da ni a bencin nan ko na wata ɗaya ne, da na fi samun sauƙi.

A asibiti Sista ba ta jira kowa ba. Ta matsa wa babban jami'i har ya bar mata makullin kabad. Ta cire allon daga baranda ta kai shi ciki. Ta ce duk macen da ta zo da jini, suna kawai zan rubuta, sauran tambaya tata ce, a bayan labule. In ta gama wanke mace, ba ta barinta ta tashi sai sun zauna sun yi magana: ga ƙwaya, ga allura, ga wanda ake sa wa a damtse da mata ke kira ashana, ga amfanin kowanne da wahalarsa. Wadda ta zaɓa, a ranar za a ba ta kafin ta ɗaura ɗankwali. Wadda ta ce sai ta yi shawara, ba a tilasta mata, kuma kowace rana ta dawo ƙofa a buɗe take. In mace ta yarda a kira mijinta, Sista kan zaunar da shi ta yi masa bayani da kanta. Na ga maza sun shiga suna hura hanci sun fito suna sosa ƙeya. Mata ba su dawo nan da nan ba. Sai da aka yi kusan shekara, kuma ina jin ritayata ta taimaka fiye da yadda aka gaya mini.

Ban iya zuwa wurin matar ƙanena ba sai bayan Kirsimeti, lokacin da aka haƙe citta. Na same ta a tsakar gida zaune a kan buhu, tana tsaga citta da ƙaramar wuƙa tana jefawa a tabarma. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta sa aka kawo mini kujera da ruwa.

“Sannu da zuwa, Baba. Yau kai ne a gidan masu zunubi?”

Na ce, “Matarmu, na zo neman gafara.”

“Ta wane laifi? Na taga, ko na Asabar?”

“Duka. Da saƙon da aka ba ni ban kawo ba.” Na gaya mata yadda Sista ta aike ni sau biyu. Ba ta san wannan ba. Wuƙar ta tsaya a hannunta.

Ta ce, “Horon bai dame ni kamar yadda kuke tsammani ba. Na san abin da na yi, ni da Allah mun yi maganarmu. Bencin baya ma akwai iska.” Ta ɗan yi dariya, ta dafe ciki inda aka ɗinke. “Ranar da na zo gindin mangwaro, na yi wanka, na yi wa maigida ƙarya cewa rigakafin yaro zan kai. Na zo ne in karɓi maganin tazara. Na ce in Baba ya ɗaga mini hannu, zan shiga, ko duk garin na kallo. Hannu kawai, Baba. Sai ka sunkuyar da kai.”

Na ɗauki wata wuƙa da ke gefe na fara taya ta tsagawa. Ta bar ni na yi kamar goma, sannan ta ce, “Kana ɓata mini kaya, a tsaye ake tsagawa, ba a kwance ba.” Ta nuna mini. Muka yi aiki har inuwa ta juya. Da zan tafi ta ce, “Na yafe, Baba. Amma kada ka ce in manta, tabon yana nan, kullum ina wanka.”

Ta koma zumunta, ta sake ɗaura zanenta, kuma har yanzu ita ke ba da waƙa, ko da yake numfashinta ba ya kai inda yake kaiwa da. Babbar 'yarta da ta yi aure ta yi ɓari a bara, ita da kanta ta kama hannunta ta kai ta asibitin nan. Matar ƙanena ina gaishe ta, tana amsawa da fara'a. Ƙanena kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ban ga laifinsa ba.

Kada wani ya karanta wannan ya ce tsoho ya bar bangaskiyarsa. Ra'ayina a kan zubar da ciki yana nan inda yake. Abin da na gane a makare shi ne, macen da ta iso ƙofar asibiti da jini ta riga ta wuce wurin da wa'azina zai yi mata amfani a ranar. Abin da ke gabanta shi ne ta rayu, kuma kada ta sake samun kanta a wannan hali bayan wata biyu. Na biyun nan ne na tare, ni da kujerata. Ban taɓa riƙe allura ba, ban taɓa rubuta magani ba, amma wata mace ta rasa mahaifarta saboda inda nake zaune da abin da bakina ke kaiwa.

Na san akwai irina da yawa: mai kati, mai gadi, mai shara, direban da ke ɗauko marasa lafiya, da dattijo ko shugabar mata da ke aiki a asibiti ranar mako. Ku nake roƙo. Abin da kuka ji a bakin aiki ku bar shi a can. Kada ku ƙara tambayar da ba a sa ku ba. In an ba ku saƙo ku kai wa mace cewa ta dawo, ku kai shi a ranar, ko kuna ganin ta cancanta ko ba ku gani ba. In kuma kun hango wata ta tsaya a bakin ƙofa tana jijjiga yaron da ba ya kuka, kada ku yi abin da na yi. Ku ɗaga mata hannu.